Masu iyali da ba ku da mota, don Allah ya kuke yi? Ina tunanin sayar da tawa

Abban_Walida

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema don Allah, amma daga bakin masu iyali nake son ji, samari ku yi haƙuri, ku da kuna zura takalmi kun fice ba mai riƙe muku riga yana Abba zan bi ka.

Ni ma'aikacin gwamnati ne a Kano, ina gidan haya a Rijiyar Zaki, aiki kuma sakatariyar Audu Bako. Mata ɗaya, yara huɗu, na biyar na tafe in Allah ya yarda. Ina da wata tsohuwar Golf wagon da na saya a 2016 da kuɗin adashi, kuma gaskiya ba zan ci amanarta ba ta yi min bauta, har Daura na je ɗaurin aure da ita sau biyu ba ta taɓa kwanta min a hanya ba. To amma tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, ni da motar nan muka koma kallon-kallo. Litar da muke sha ƙasa da naira 200 cikin kwana biyu ta koma ɗari biyar da wani abu, ba mu gama salati ba ta kai 617, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura dubu. An ɗan taɓa albashi, eh, amma kun san dai yadda kasuwa take cinye ƙari tun kafin ya shigo asusu.

Yanzu halin da ake ciki motar tana ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, awakin maƙota ne suke morar inuwarta. Sai ranar Juma'a nake tada ita mu je masallaci daga nan mu wuce gaida Hajiya a Gwale, wani satin ma ba ta tashi sai yaran layi sun tura. Aiki kuwa adaidaita sahu nake hawa tuntuni. Ga kuɗin haya na nan tafe bayan sallah, ga kuɗin makaranta, ga haihuwa. Wani dillali ya zo ya zagaya ta ya taya, farashin bai yi min ba amma kuma bai yi muni ba, zai biya hayar shekara har a samu ragowar da za a ajiye buhunan abinci.

Da na yi wa maman yara maganar sai ta ce "duk yadda ka gani ai daidai ne", ku masu aure kun san fassarar wannan.

Abin da nake son sani, ku da kuke da yara kuma ba mota, ya kuke yi da kai yara makaranta da ɗauko su? Cefanen wata fa? In lalura ta taso da tsakar dare fa, musamman ni da nake da mai ciki a gida? Sannan, ba zan ɓoye muku ba, akwai maganar mutane. A dangi ni ne "mai mota", duk biki ni ake kira in kwashi mata. Ranar da aka gan ni na sauko daga napep da iyali za a ce wane ya karye.

Malam_Mai_Alli

Wa alaikumus salam Abban Walida. Na riga ka shiga wannan ramin don haka bari in ɗan ja zance, ka yi haƙuri da tsawonsa.

Ni malamin sakandare ne, yarana shida. Na sayar da tawa wata uku bayan cire tallafi, Civic ce, kuma abin da ya sa na sayar ba wa'azin kowa ba ne, littafi ne. Na samu ɗan littafin rubutu na 'yan makaranta na ce wata biyu duk kwabon da ya shiga motar nan sai na rubuta. Mai, juye, faci, wanki, ɗan abin da ake miƙa wa mai gadin fakin a kasuwa, sabunta takardu da inshora na raba su gida goma sha biyu na zuba. Da na haɗa lissafi sai na ga motar ta fi yarana biyu ci. Dama magabata sun ce mota iyali ce, to ni tawa ta zama uwargida, ita ake fara sallama kafin a ɗora tukunya. Ka yi wannan lissafin kafin ka saurari kowa a nan, har da ni.

Amma ga gaskiyar da ba a faɗa: sayar da motar ba shi ne ya sauƙaƙa min ba, tashi na yi. Da ina can bayan Janguza saboda haya ta fi araha, kullum sai na ratso gari. Bayan na rabu da motar na yi wata huɗu ina shan wuya, adaidaita biyu zuwa biyu dawowa, yara ma haka, sai na ga ashe arahar gidan nan ƙarya ce, abin da na rage a haya shi nake zubarwa a titi har da ƙari. Na nemi gida kusa da makarantar da nake koyarwa, ya fi tsada, ɗaki ɗaya ya ragu, tsakar gidan kuwa ko tabarma biyu ba ta ci, amma da ƙafa nake zuwa aiki minti goma sha biyar. Yara na cire su daga waccan makarantar mai suna na sa su a ta cikin unguwa, islamiyya ma a bayan layinmu take. Manyan suna riƙe hannun ƙananan. Ka ga maganar kai yara da ɗauko su ta mutu ke nan. Kai ma matsalarka ba Golf ba ce, tazarar Rijiyar Zaki zuwa Audu Bako ce.

Cefane kuma, da can da mota kusan kullum sai na tsaya na sayi wani abu a hanya, yau tsire gobe lemo jibi burodi mai yanka-yanka, kuɗi na tsiyaya ban sani ba. Wanda yake tafe a ƙasa ba ya sayen abin da ba zai iya riƙewa ba. Yanzu lokacin kaka muke haɗa kuɗi mu huɗu a makaranta, mutum ɗaya ya je Dawanau ya auno masara da gero da wake da dawa, a ɗauki 'yar ƙurƙura guda ta bi gida-gida ta sauke, kuɗin dako a raba huɗu. Kayan masarufi irin su sabulu, taliya, man gyaɗa, sukari, sau ɗaya a wata a Singa, shatar adaidaita ɗaya ta isa. In tumatur ya faɗi a Yankaba uwargida ta sa a kawo kwando a yanka a shanya. Kayan miyan yau da gobe kuwa mai teburin bakin layi ya wadatar.

Zumunci ma tsari muka yi masa. Da duk wanda ya yi atishawa a dangi sai mun tada mota. Yanzu ranar Asabar ɗaya a wata muke ware wa gidajen da ke shiyya ɗaya, a gaida na Ƙofar Na'isa a leƙa na Mandawari da ƙafa a dawo. Biki in ba na jiki ba ne mutum ɗaya ya wakilci gida. Tafiya ƙauye da sallah kuwa sai mu je tasha mu sayi kujerun baya gaba ɗaya, sau biyu ne fa a shekara, ba zan ciyar da mota wata goma sha biyu saboda tafiyar kwana huɗu ba.

Maganar mutane kuma Malam, sati biyu za su yi su gaji. Waɗanda suka fi yi da ni su ne waɗanda nake rage wa hanya kyauta. Wata gwaggona har cewa ta yi ko asiri aka yi min. Yau ga shi 'ya'yanta biyu sun jingine nasu motocin.

Maman_Hassana_da_Usaina

Malam Mai Alli Allah ya ƙara basira, lissafinka ya fita, amma ka lura duk bayaninka babu inda ka ce ga abin da matarka ta ce? Ku maza in kun zo maganar nan sai ku yi ta kawo lita da inshora, mu kuma da muke ɗaukar wahalar ba a sa mu a littafin.

Mu shekara uku ke nan ba mota, kuma ba zan ce muna cikin bala'i ba, alhamdulillahi, muna ci muna sha, bashin da ke kan maigidan ma ya biya. Amma bari in faɗa wa Abban Walida abin da matarsa take hangowa da ta ce duk yadda ka gani. Kai in za ka fita kai kaɗai ne, ka tsaida napep ka ɗane gefen direba ma in ta kama. Ita kuwa goyo a baya, jaka a kafaɗa, ɗaya a hannun dama ɗaya yana jan hijabi, a tsaya a bakin titi cikin ranar watan Afrilu, duk mai adaidaitan da ya hango ku da yara sai ya ƙara wuta don ya san za ku cika masa wuri a biya kuɗin mutum biyu. Wanda ya tsaya kuma ya ce sai dai durof. Ranar awo ko rigakafi tun bakwai za ki fita don ki samu layi. Ga damina, unguwarmu in aka yi ruwa babu mai shigowa lungu sai dai ki tattare zani ki taka har titi. Wannan duk ba kuɗi ba ne shi ya sa ba ya shiga lissafinku.

Sai maganar dare, wadda ita ce babba. Kar ka manta a 2022 an sa dokar hana adaidaita sahu yawo daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe a Kano, acaɓa kuwa tun 2013 gwamnatin Kwankwaso ta hana. Ko babu doka ma wa zai fito maka ƙarfe biyun dare? Ni naƙudar 'yan biyun nan ƙarfe ɗaya da rabi ta tashi. Maigidan ya kira mai napep ɗin da muka saba waya a kashe, ya buga wa maƙocinmu mai mota ƙofa ashe ya yi tafiya, sai gida na uku aka dace, shi ma motar ba mai sai da aka zuƙo daga janareta. Allah ya sa na sauka lafiya amma abin da na gani a daren nan ba na fatan ko maƙiyiyata ta gani.

Don haka ni shawarata kar ka sayar yanzu. Ka bari ta haihu a yi suna ta yi arba'in. Wata nawa ne? In ma sayarwar ce daga baya, to ka zauna da ita ku yi magana ta gaskiya ba irin ta "na yanke shawara" ba. Kuma cikin kuɗin motar ka ware mata wani abu a hannunta na shata, wanda ba sai ta tambaye ka ba duk lokacin da za ta asibiti ko gidansu. Ni abin da ya sa na haƙura ke nan, maigidan ya ce ga kuɗin zirga-zirgarki duk wata, in kin rage naki ne. Wallahi daga ragowar nan na fara sarin atamfa a Kwari ina sayarwa a gida, yanzu ita ke yi wa yara ɗinkin sallah.

Wani abu kuma da rashin motar ya yi min wanda ban zata ba, ya raba ni da anko. Da duk bikin da aka yi a dangi da ƙawaye ina ciki tunda akwai mai kai ni, yanzu sai in ce ba abin hawa, magana ta ƙare ba wanda zai ji haushi.

Dan_Boxer

Yallaɓai ka sayar ka sayi mashin kawai, lita ɗaya ta kai ka aiki ta dawo da kai har da canji. Duk wannan dogon turancin na mene ne.

Maman_Hassana_da_Usaina

Ɗan Boxer da gani ba ka yi aure ba. Mai ciki da yara huɗu zai jera a kan mashin? Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri. Mashin na maigida ne shi kaɗai, ya yi masa amfanin zuwa aiki ban musa ba, amma ba shi aka tambaya ba.

Oga_Bakanike

Salamu alaikum. Ni sana'ata ke nan gyaran mota, shekara ashirin da ɗoriya ina gareji, kuma in don son raina ne sai in ce kowa ya riƙe motarsa don da ita nake ci. Amma tsakani da Allah Alhaji abin da kake yi yanzu shi ne mafi muni a cikin ukun. Ko ka hau, ko ka sayar, amma ajiye mota a ƙarƙashin bishiya ana tada ta sau ɗaya a sati ko sati biyu kashe ta ne a hankali.

Motar da ke zaune batir ne yake fara mutuwa, shi ya sa ake tura ka ranar Juma'a. Tayoyi su bushe su tsattsage ko da ba su taka ko'ina ba. Burki ya kama, robobin ƙasa su ƙeƙashe, ɓeraye su shiga su yi gida su ci wayoyi, kuma matsalar waya a tsohuwar Golf ba ƙaramin ciwon kai ba ce, sai mai wayarin ya kwana biyu yana lalube. Sannan wannan ɗabi'ar da kowa ya koya yanzu ta shan man dubu biyu dubu uku, kullum allura a kan ja, ita ke ƙona famfon mai, saboda famfon a cikin tanki yake man ne ke sanyaya shi, in babu mai sai ya yi ta zuƙar datti da iska. A wata ina canza famfon mai ya fi a ƙirga kuma duk dalilin ɗaya ne.

Kayan gyara kuwa da dala ake shigo da su. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024, ka je Ƙofar Ruwa ka tambayi shokozoba ko kuloch na Beljiyam ka ji. Mutum zai kawo mota in faɗa masa kuɗin kaya sai ya ce bari ya je ya dawo, yanzu haka akwai motoci biyar a garejinmu da masu su suka tafi "su dawo" tun bara.

To amma ga ɗaya gefen, kar in cuce ka. Wannan tsadar dalar ita ta sa in ka sayar yau ba lallai ka iya sayen irinta gobe ba. 'Yar Kwatano ta yi nisa da ma'aikaci. Kuɗin da dillali zai ba ka in ka zuba a haya da abinci shekara ɗaya sun ƙare, motar ta tafi kuɗin sun tafi. Don haka in za ka sayar ka sa a ranka cewa ka fita daga layin masu mota ne na wasu shekaru, ba wai za ka huta wata shida ka sayi wata ba. In zuciyarka ta yarda da haka, bismillah. Kuma kar ka sayar wa dillalin farko, ka wanke ta, ka sa batir mai rai ko na aro ne, motar da ta tashi da makulli ɗaya da wadda aka tura ba kuɗinsu ɗaya ba.

Masu cewa a mayar da ita gas, wato CNG, eh yana da araha a kan fetur, amma tukunyar za ta cinye maka rabin but, gidajen sayar da shi ba su da yawa sai ka bi layi, kuma injin da ya riga ya fara shan baƙin mai ban ba ka shawarar ka kashe masa wannan kuɗin ba. Wannan na mai yawo kullum ne kamar ɗan haya, ba na mai fita Juma'a-Juma'a ba.

Mai_Adaidaita_Dorayi

Hajiya Maman 'yan biyu kin ɗan taɓa mu amma ba komai, gaskiya kika faɗa, sai dai ku ma ku ji namu uzurin. Yawancinmu mashin ɗin ba namu ba ne, kullum akwai balas da za ka kai wa mai shi ko ka samu ko ba ka samu ba, ga mai ga kuɗin tikiti, in ka ɗauki mace da yara huɗu a kuɗin mutum biyu daga Kabuga zuwa Bata to kai ka yi asarar kujera. Ba ƙin Allah ba ne.

Abban Walida abin da zai fisshe ka shi ne ka daina tsaida na kan titi, ka samu naka na unguwa. A kowace unguwa akwai mu, ka nemi magidanci wanda aka san gidansa, liman ya san shi mai unguwa ya san shi, ba yaron da ya karɓi mashin jiya yana kiɗa kamar gidan biki ba. Ku yi ciniki na wata. Ni yanzu haka gida uku nake kwasar wa yara, bakwai da kwata na ɗauke su, ƙarfe biyu na dawo da su, iyayen sun haɗa kuɗi suna biya na farkon wata, kowane gida abin da yake bayarwa bai kai abin da zai ƙona a mai ba in da kansa zai kai su. Ni kuma hankalina a kwance na san balas ɗin safe ya fita. Sharaɗi ɗaya, kar ka yarda a cusa yara goma a mashin ɗaya don a rage kuɗi, muna ganin abin da ke faruwa a titi. Kuma don Allah in wata ya yi a biya, abin da ke ɓata wannan harkar ke nan, sai ka yi wa mutum aiki kwana arba'in yana ce maka albashi bai shigo ba.

Maganar dare kuwa, wanda kuka saba kuna biyansa a kan lokaci, matarka ta san matarsa, in aka yi suna a gidansa kun leƙa, wannan ko ƙarfe uku ka buga masa ƙofa zai fito. Ni na kai masu naƙuda asibiti da dare sun kai shida, kuma ban taɓa karɓar ko sisi a irin wannan ba. Amma kar ka dogara da mutum ɗaya, waya na mutuwa mashin na lalacewa. Ka riƙe lamba uku, kuma tun cikin yana wata takwas ka je ka gaya musu baki da baki cewa ga halin da ake ciki, har da maƙocin da ke da mota, ka ce in ta kama zan buga ƙofa. Mutum in an riga an gaya masa ba ya kashe waya.

Dan_Maradi

Gaisuwa ga mutanen Kano. Mu nan Maraɗi abin ya taɓa mu mu ma, don da man Najeriya muke sha wurin 'yan ruwa-ruwa a bakin hanya cikin kwalabe, ya hi na gidan mai arha nesa ba kusa ba, ranar da kuka cire tallahi mu ma muka ji a jikinmu. Daga baya a 2024 gwamnati ta rage lita ta koma sefa 499. Amma mu dama mai iyali da mota ba shi da yawa, moto ce da kabu-kabu da adaidaita, kaya kuwa amalanke. Ni ɗiyana biyar, na saya ma manyan biyu kekuna suna tahiya lakwal, wato makaranta, da su, shekara ukku ke nan ban kashe komi ba sai faci da sarƙa. Abin da ke ba ni mamaki da ku shi ne kunyar keke. Mahaihina da keke ya yi aiki har ya yi ritaya kuma ba wanda ya raina shi. Yanzu yaro ya gwammace ya tsaya awa guda bakin titi da ya hau keke a gan shi.

Malam_Mai_Alli

Maman 'yan biyu kin kama ni, na karɓa. Na karanta wa uwargida abin da kika rubuta ta ce in gaya miki Allah ya yi miki albarka, wai shekara biyu tana son ta faɗa min haka. Daga wannan watan za a buɗe mata shafinta a littafin.

Ɗan Maraɗi, keke a titin Kano ba kunya ce kaɗai ba, tsoro ne. Ka zo ka ga shataletalen Kabuga da yamma tukuna. A cikin unguwa dai ya yi.

Abban_Walida

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ban zaci za a ba ni lokaci haka ba. Jiya da daddare bayan yara sun kwanta na miƙa wa maman Walida wayar na ce ta karanta da kanta. Da ta zo kan bayanin Maman 'yan biyu sai ta yi shiru, can ta ce dama abin da ke ranta ke nan, daren haihuwa, don ta Walida ma da asuba ta zo. Sai kuma ta ba ni mamaki, ta ce ita ba motar ce damuwarta ba, nisan unguwar ne, tun da muka tare a Rijiyar Zaki ba ta zuwa gidansu sai ta yi shiri kamar mai tafiya Zariya, in da za mu koma wajen Gwale ko Ƙofar Na'isa kusa da Hajiya da iyayenta ko keke ba ta nema. Shekara shida muna gidan nan ban taɓa jin wannan maganar ba.

Ga yadda muka tsaya. Motar tana nan har a yi arba'in. Na sayi littafi yau da safe na fara rubutu kamar yadda Malam ya ce, har na napep ɗin da nake hawa zan dinga sawa don in ga gaskiyar abin. Zan sa a fara duba mana gida a cikin gari kafin hayar nan ta ƙare, duk da na san gidajen can ƙanana ne kuma ruwa sai an saya wurin 'yan garuwa, wannan ma wani lissafin ne. Akwai wani mai adaidaita a layinmu da muke sallar asuba tare, dattijo ne, zan same shi a kan maganar yara.

Abin da ban warware ba shi ne kuɗin hayar, don da kuɗin motar na yi niyyar biya, yanzu kuma an ɗaga sayarwar. Ko dai in roƙi mai gidan ya karɓi na wata shida, ko in nemi a ba ni kwasar adashin ofis da wuri. Sannan Hajiya ban gaya mata ba tukuna, ita ce ta yi ta sa albarka ranar da na kawo motar har ta sa aka yi sadakar waina.

Oga Bakanike, kafin lokacin me zan dinga yi mata don kar ta ƙarasa lalacewa?

Oga_Bakanike

Ka matsar da ita daga ƙarƙashin darbejiyar nan, ganye na toshe magudanar ruwan gaban gilashi ya sa tsatsa. Duk kwana uku ka tada ta ka zaga unguwa ko minti goma sha biyar ne, ba a tsaye kawai ba, taya ta juya burki ya yi aiki. In ka san za ta kwana biyu ba a taɓa ba ka cire kan batir. Ka duba iskar taya har da safaya. Kuma tunda saboda daren haihuwa ka bar ta, ka daure ka zuba mata mai ya kai ko kwata ne ka bar shi a ciki kar ka taɓa, makullin kuma a rataye shi inda Hajiyar gidan ta sani, ba a aljihun wandon da aka kai wanki ba.